Hoton da Ba Fuska

Auta ce da kanta ta kwance igiyar da aka ɗaure hoton da ita. Tana kwancewa tana murmushi, don ta tabbata yau bakin kowa zai mutu a gidan nan. Firam ne babba, sai da mutum biyu suka kama shi kafin ya shigo falo, aka jingina shi da bango.

Ta yaye takardar. Murmushin ya daskare a fuskarta.

Sama ce ta cinye hoton kusan duka. Hadari ya taso daga gefe guda, baƙi ƙirin, bakinsa ya kama da wuta. Tsakiya ja, ja ya koma ruwan goro, can sama kuma wani shuɗi mai sanyi da ba ta taɓa sanin akwai shi ba. A ƙasa kuwa, kamar an goga gawayi, jerin baƙaƙen kawuna ne guda ashirin da uku. Ba ido, ba hanci, ba baki.

Goggo, ƙanwar Baba, ta gyara tabarau ta matso.

"To, ina mutanen?"

Yaya Babba ya tuntsire da dariya har da dukan cinya.

"Ga su nan, Goggo! Wancan mai kama da tulu ai ke ce. Wannan dogon kamar turken lantarki ni ne. Sarkin Gajimare ya gama da mu, wallahi ya gama da mu!"

"Tulu ya ci gidanku," in ji Goggo, amma ba shi take harara ba. Auta take harara.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara biyu tana yaƙi a kan Maihoto, saurayinta. Yaya Babba ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da sana'arsa kallon sama ba, wanda ke sayar wa masu kalanda da masu otal hoton faɗuwar rana. Goggo ta ce duk namijin da ke fita da gudu idan hadari ya haɗo, alhali masu hankali na shiga gida, a duba lafiyarsa. Da ƙyar da kuka Baba ya yarda ya turo magabatansa ranar Asabar mai zuwa.

Sai ga taron gida. Rabon da 'ya'yan Baba takwas su haɗu wuri ɗaya shekara goma sha ɗaya ke nan, yawancinsu kowa da ƙasar da neman abinci ya jefa shi. Na ƙarshe ya sauka da azahar, na farko zai tashi da asuba. Yamma ɗaya tak suke da ita, su da matansu da mazansu da jikoki. Baba ya ce a yi masa hoto babba. Ita ce ta durƙusa ta roƙa a ba Maihoto aikin, don dangi su ga abin da hannunsa ya iya.

To, sun gani.

Likita na zaune a kujerar kusa da taga, kofin shayi a hannu. Shi ke duba idon Baba tun da hawan jinin ido ya kama shi, abokin Yaya Babba ne kuma, kuma babu wanda bai san dalilin da ya sa ɗigon magani da ake iya aikowa yake kawo shi da kansa duk mako ba.

"A yi masa adalci," ya ce a hankali. "Samar ta yi kyau ƙwarai. Ni dai na ce a bari in kawo mai situdiyo, aka ce akwai gwani a hannu." Ya kurɓi shayi. "In yana so ya leƙo asibiti in duba masa ido. Ba sai ya bi layi ba."

Yaya Babba ya sake fashewa.

"Ya isa," in ji Baba.

Baba ya miƙe, ya lalubi hannun kujera, ya taka zuwa bango. Ya kai fuskarsa dab da gilashin har numfashinsa ya yi tambari a kai. Ya bi jerin kawunan daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Ya daɗe a haka.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kin san abin da nake gani idan kun shigo ɗakin nan? Wannan. Baƙi-baƙi, dogo da gajere. Shekara biyu ke nan. In ba na jawo fuskar mutum kusa da tawa ba, ban san ko dariya yake ko kuka ba." Muryarsa ba ta tashi ba, ita ce ma ta fi ciwo. "Na ce a yi mini babba don in riƙa zuwa kusa haka, in ga idon kowa kafin sauran hasken ya tafi. Akwai jikoki huɗu a nan da ban taɓa gani ba sai ran nan. Sai yaron nan ya ɗauki ciwona ya sa masa gilashi ya aiko mini."

"Baba, wataƙila akwai wasu, wannan ne kawai ya..."

"Ki ce masa kada ya wahalar da iyayensa ranar Asabar. Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, ke ba yarinya ba ce. Amma mutumin da aka jera masa mutum ashirin da uku a gabansa bai ga ko ɗaya ba, ban ga yadda zai ga ke ɗaya ba."

Goggo ta tafa hannu. "Magana ta ƙare."

Auta ba ta tsaya neman jaka ba. Mayafi kawai ta fizga ta fita.

*

Shagon Maihoto ɗaki ɗaya ne a saman bene, bisa shagon wani tela. Ta haye matakalar bibbiyu. Bangon ɗakin ko'ina sama ce, sama da safe, sama bayan ruwa, sama a kan gada, sama a kan filin da babu kowa. Ta sha tsayawa a nan tana jin kamar an buɗe mata ƙirji. Yau ji ta yi kamar ta kwashe su ta watsa ta taga.

Yana zaune yana goge gilashin kyamara da ɗan ƙyalle. Da ganinta ya miƙe, fuska kamar an yi masa bushara.

"Ranki ya daɗe! Hoton ya isa? Me Baba ya ce? Kin ga wannan jan da ke bakin hadarin? Sau uku na sa aka sake bugawa kafin ya fito daidai."

"Ina fuskokinmu?"

"Me?"

"Malam, da Hausa na yi maka magana. Ina fuskokinmu?"

Ya ajiye ƙyallen. Rabon da ta kira shi Malam tun ranar da suka fara haɗuwa.

"Auta, ai irin hoton ke nan. Idan rana tana bayan mutum, dole ka zaɓa. Ko ka auna hasken fuska sama ta ƙone ta zama fara fat, ko ka auna hasken sama mutane su zama inuwa. Ranar nan kuwa, ke ma kin gani, shekara bakwai ina jiran irin wannan..."

"Sai ka zaɓa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa. Dole ka zaɓa, sai ka zaɓi sama." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Wa ya sa rana a bayanmu? Muna zaune lafiya a tsakar gida, an jera kujeru, ka ce a'a, a hau rufin bene. Ka sa tsohon da ba ya gani ya hau matakala ashirin. Ka sa Goggo da ciwon gwiwarta. Ka tsayar da mu kusan awa guda, yara na kuka, kana cewa a dakata, haske bai nuna ba. Ka ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu kada hasken waya ya ɓata maka aiki. Muka bi ka kamar tumaki. Ni har ina yi wa Yaya gwalo a zuciyata!"

"Ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka buɗe kwamfutar nan ka ba ni sauran. Na ji ƙarar kyamararka ta fi sau talatin."

Bai motsa ba. Ya kalli kyamarar, ya kalli ƙasa.

"Na goge su."

"Ka yi me?"

"Na farkon, da na kunna fitilar kyamara. Fuskoki sun fito, amma samar ta mutu, kamar an shimfiɗa farin zane a bayanku. Ni kuma haka nake aiki, kin sani. Duk wanda sama ta ƙone a cikinsa ba ya kwana a kyamarata, a wurin nake goge shi. Hannuna ne ya saba, ban ma yi tunani ba. Washegari kuma na fita gada da katin kyamarar, na cika shi da wasu."

Auta ta dafa tebur. Ta yi wata dariya da ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Ka ga fuskar ubana a kyamararka, shi da 'ya'yansa takwas, ka danna ka goge. Saboda gajimare bai yi maka kyau ba."

"Fuska kowa na iya ɗauka, Auta, ko da waya. Na so in ba shi abin da babu mai shi a duniya."

"Ya samu! Wallahi ya samu, babu mai irinsa! Ka san me ya ce? Ya ce ka ɗauki ciwonsa ka sa masa gilashi. Haka yake ganinmu kullum, inuwa-inuwa. Sau nawa na gaya maka? Sau nawa na zauna a kan wannan kujerar ina kuka ina ba ka labarin idonsa? Ashe ina magana kana leƙen taga."

Wannan ta shige shi. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ya koma ya zauna kamar an zare masa laka.

"Inna lillahi. Ban... Auta, wallahi ban haɗa su a raina ba."

"An fasa Asabar."

Ya ɗago da sauri. "A'a. Tsaya, tsaya. Bari in gwada wani abu."

Ya jawo kwamfuta ya buɗe hoton. Ya kama wani ɗan layi a gefe ya riƙa ja, haske na ƙaruwa. Baƙin ya fara dushewa. Wani abu mai kama da fuskoki ya taso, amma dusu-dusu, kamar an zana su da yashi an watsa ruwa. Ga inda idon Baba ya kamata ya kasance, tabo biyu ne kawai. A sama kuwa jan nan ya koɗe, hadarin ya wanke ya zama toka.

Ya ja tsaki, ƙasa-ƙasa.

Ta bi idonsa. Ba fuskokin yake kallo ba. Saman hoton yake kallo.

"Tsakin na wa ne?"

"Ba komai."

"Na samar ne, ko? Har yanzu ita kake wa makoki."

"Auta, don Allah."

"Shekara biyu ina tare maka faɗa. Yaya ya kira ka Sarkin Gajimare, na yi wata guda ba na gaishe shi. Likita yana zuwa gidanmu da mota, ya san adadin ɗigon da ake sa wa Baba safe da yamma, ban taɓa yi masa kallo biyu ba. Na ce ni mai ido nake so, wanda ke ganin abin da mutane ba sa gani. Ban san abin da mutane ke gani ne kai ba ka gani ba."

Ya rufe kwamfutar. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Na yi laifi. Ban da bakin kare kaina. Ki kai ni wurinsa yanzu, in durƙusa. Ya zage ni, ya kore ni, duk na yarda. In ya ba ni dama zan bi 'yan'uwanki ɗaya bayan ɗaya duk inda suke, in ɗauko masa fuskar kowa, ko zan sayar da duk abin da ke ɗakin nan."

Ta dube shi ta cikin hawaye. Zuciyar banza, har ta fara sanyi.

"Yanzu?"

"Yanzu."

Hannunsa ya kai ga jakar kyamara, kamar yadda mutum ke laluben takalmi in zai fita.

"Ajiye ta."

Ya kalli hannun kamar ba nasa ba. Ya saki jakar. Ya ciro wayarsa ma ya ɗora a kai, ba ta ce ya yi ba.

"Kin gani? Ni kaɗai zan je."

*

Tafiyar ba nisa, suka taka da ƙafa. An yi yayyafi da la'asar, titi na sheƙi, masu shaguna na mayar da kayan da suka kwashe. Tana gaba yana binta, tana karanta masa.

"Kada ka ce haske. Kada ka ce sama. Kada ka yi masa bayanin komai, Baba ya tsani bayani. Ka ce ka yi kuskure, ka yi shiru."

"To."

"In Yaya ya yi maka ba'a ka haɗiye. In Likita ya miƙo hannu ka karɓa."

"Har shi?"

"Har shi. Kai ka jawo."

Suka sha kwanar layinsu. A nan gidaje suke rabuwa, akwai wani fili da aka rushe tsohon gini ba a sake komai ba, yamma a buɗe take har ƙarshen gari. Ga ƙofar gidansu can, taku hamsin bai cika ba, motar Likita na nan a inda ta bar ta.

"Kuma in ya ce ka tashi, kada ka tashi da wuri, ka..."

Ba ta ji takunsa ba. Ta waiwaya.

Yana tsaye a bakin filin. Hadarin da ya yi yayyafin ya tsage gida biyu, rana ta zuro ta tsakiya, haske ya zubo dogo-dogo har ƙasa kamar an tsaga rufi. Ruwan da ya kwanta a filin ya ɗauka, ƙasa ta zama sama. Fuskarsa duk ta yi ja. Bakinsa a ɗan buɗe.

"Malam."

"Minti biyu, Auta. Ba ya wuce minti biyu, yanzu zai rufe."

"Ba ka da kyamara."

"Na sani."

Sai ta ga ya ɗaga hannuwansa biyu, wayam, ya haɗa manyan yatsu da manuniya ya yi kusurwa huɗu, ya kanne ido ɗaya. Ya matsa hagu kaɗan. Ya ɗan rusuna.

Ga ta tsaye a titi, ido a kumbure, mayafi a karkace, ta baro ubanta da baƙin ciki ta je ta ɗauko shi, ita ke koya masa yadda zai cece su. Shi kuma yana ɗaukar hoton da ko takarda ba zai taɓa hawa ba.

Ba ta sake kiransa ba. Ta juya. Kowane taku tana sauraron bayanta, tana cewa yanzu zai biyo, yanzu zai kira sunanta. Ta wuce motar Likita. Ta kai ƙofa, ta tura, ta shiga. Ta tsaya riƙe da ƙofar, ta ba shi numfashi uku.

Sannan ta rufe ta danna sakata.

Suna falo yadda ta bar su, sai dai an juya hoton ya fuskanci bango. Baba ya ɗago kai wajen motsin.

"Auta ce? Ke da wa?"

"Ni kaɗai ce, Baba."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa."

Auta ta wuce ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama ba, wadda ke kusa da ta Likita. Ta jawo butar shayi.

"Likita, naka ya huce. Kawo in sake maka."

Likita ya kalli Yaya Babba, Yaya Babba ya kalli silin yana danne murmushi. Likita ya miƙo kofin da hannu biyu.

Tana cikin zubawa aka buga ƙofar gida.

Sau uku, da sauri, bugun wanda ya zo da gudu. Shayin ya zuba a gefen kofi.

"Auta! Auta, ga ni! Baba, don Allah a ba ni izini in shigo!"

Yaya Babba ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Bari in je in nuna masa taurari, tunda sama yake so."

"Zauna," in ji Baba. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Auta. "Na ji ƙarar sakata ɗazu. Wanda ya rufe shi zai buɗe. Babu mai tashi a ɗakin nan sai ita, in ta ga dama. In ta buɗe zan saurare shi. In ba ta buɗe ba, kada a sake kawo mini maganarsa."

Aka sake bugawa, a hankali wannan karon.

"Auta, na zo. Minti biyu ne kawai."

Minti biyu! Har yanzu bayani yake yi. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Ta goge gefen kofin da bakin mayafinta, ta miƙa wa Likita. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji ta kafa wa bango ido. Bari ya tsaya. Bari shi ma ya ji yadda jira yake.

Bugu ɗaya. Wani bugun.

Ta ƙirga a ranta, in ya ƙara sau ɗaya za ta tashi. Sau ɗaya kawai.

Ta kasa kunne. Falon duka ya kasa kunne.

Ba a ƙara bugawa ba.